Kundin aikina: bin sawun antibodi a jinin masu sabon huhu

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Yau aka ɗora mini aikin da zan yi har ƙarshen shekarar da zan kwashe a ɗakin gwajin dacewar dashe, a nan Ingila. Shugabar ɗakin ta kira ni ofis, ta juyo mini fuskar kwamfutarta, ta ce in bi fayil ɗin duk waɗanda aka yi wa dashen huhu a cibiyar nan cikin 'yan shekarun baya, in tattaro abu uku cikin jadawali guda: sakamakon gwajin antibodi (furotin da garkuwar jiki ke ƙerawa don farautar baƙon abu), sakamakon gwajin numfashi, da abin da aka gani a ɗan naman huhun da ake gutsurowa. Yanzu haka kowanne yana can a rumbunsa, ba a taɓa jera su kafaɗa da kafaɗa ba. Tambayarta ɗaya ce: antibodin da ya leƙo ya koma, da wanda ya zo ya shimfiɗa tabarma, ɓarnarsu ɗaya ce?

Bari in warware don 'yan gida da za su karanta. A jikin ƙwayoyin halittar kowane mutum akwai wasu furotin da ake kira HLA. Ni dai da tsagen gado nake kwatanta su, domin da su garkuwar jiki ke bambance ɗan gida da baƙo. Umarnin ƙera su yana kan kuromosom na 6, rabi daga uwa, rabi daga uba. Aji biyu ne: na ɗaya ya ƙunshi A, B da C, na biyu kuma DR, DQ da DP. Sabon huhu da tsagen gidan mamacin da aka ciro shi yake zuwa. Idan jikin wanda aka dasa wa ya ƙera antibodi da ke nufin ainihin waɗannan tsage, shi ake taƙaitawa da DSA. Wani da shi yake zuwa tun kafin tiyata, wani kuma sai bayan dashe yake tsiro masa. Wannan na biyun shi ne aikina.

Dashen da muka sani a gida na ƙoda ne, a Kano tun 2002 ake yin sa a Asibitin Malam Aminu Kano. A can ɗan'uwa ne ke bayarwa da ransa, ana da makonni na gwaji da sake gwaji. Huhu ba haka yake ba. Daga mamaci ake ɗauka, kuma a cikin ƙanƙara 'yan sa'o'i kawai yake jurewa, shida zuwa takwas a yadda aka saba. Ba a tsayawa neman wanda tsagensa ya yi kama da na majinyaci. A duba rukunin jini, a duba girman ƙirji, a tabbatar babu tsohon antibodi mai ƙarfi da ke kwance yana jira, shi ke nan sai ɗakin tiyata. Kusan kowa da huhun da ya sha bamban da shi ƙwarai yake farkawa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na ce ba zan fara kwafar lambobi ba sai na ga inda suke fitowa da idona. Aka haɗa ni da wata dattijuwar ma'aikaciya da ta fi shekara ashirin a bencin nan. Kowa sunanta yake kira gatsau, har ɗaliban da ta yi jika da su. Ni dai bakina ya kasa, na koma ce mata Anti. Ta yi dariya ta amsa.

Faranti ne mai ramuka 96. A kowane rami sai a ɗiga ruwan jinin majinyaci, ɗigon da bai kai hawaye ba, a zuba masa wasu mitsi-mitsin duwatsun roba da ido ba ya iya gani. Duwatsun kala-kala ne, kusan ɗari a kowane aji, kowace kala an lulluɓe ta da nau'in HLA guda. In akwai antibodi a jinin, sai ya je ya maƙale wa dutsen da ke ɗauke da abin da yake farauta. Bayan rabin sa'a a wanke, a zuba wani sinadari mai ƙyalli da ke kama duk antibodin da ya maƙale, a sake wankewa, a tura farantin cikin na'urar Luminex. Duwatsun na wucewa ɗaya bayan ɗaya ta gaban haske biyu: ja ya faɗi wane dutse ne, kore ya faɗi ƙarfin ƙyallinsa. Ƙarfin ƙyallin nan shi ne lambar da ake kira MFI, wadda likitoci ke yini suna bugo mana waya a kanta.

Anti na tsaye a kaina lokacin wanki. Bayan injin ya wulwula farantin duwatsun sun kwanta a ƙasa, sai a kife shi a kaɗe ruwan. Na kife da sanyin hannu, ta riƙe mini wuyan hannu ta ce, "A'a, sau ɗaya za ki kaɗe da ƙarfi. In kika yi sanya ruwan wannan rami zai gangara wancan, ki ba wani bawan Allah antibodin da ba nasa ba." Da sakamako ya fito ta ɗora yatsa kan wata lamba ta ce mini haske kawai lambar nan take aunawa, ba yawan antibodi ba, kuma jini ɗaya in an gwada shi yau an gwada gobe, lambar tana iya motsawa sosai ba tare da komai ya canja a jikin mai shi ba. Wani rahoton masana na 2018 ya ba da shawarar a ɗauki 1,000 zuwa 1,500 a matsayin iyakar da za a ce akwai antibodi, amma kowane ɗakin gwaji da inda ya ja nasa layin.

Na gyaɗa kai. A raina kuwa cewa na yi tsufa ne, ba ta yarda da na'ura ba.

Talata, 29 ga Oktoba

Ranar Lahadi aka mayar da agogo baya, yanzu kafin ƙarfe biyar duhu ya rufe. Ina jiran izinin kwamitin da ke kare haƙƙin majinyata, don haka karatu na yi a makon nan.

James Hardy ne ya fara dasa wa mutum huhu, a jihar Misisipi ta Amurka a 1963, mutumin ya yi kwana 18. Aka shekara ashirin ana gwadawa ana asara, sai a 1983 Joel Cooper da mutanensa a Toronto ta Kanada suka yi wanda ya ɗore, majinyacinsu ya haura shekara shida. A ɓangaren ƙoda kuwa tun 1969 Patel da Terasaki suka nuna aikin antibodi ƙiri-ƙiri: cikin ƙoda 30 da aka dasa alhali jinin mai karɓa ya riga ya nuna gaba da na mai bayarwa, 24 suka daina aiki nan take, cikin 195 da babu wannan gaba kuwa 8 ne kawai. Duk da haka likitocin huhu sun daɗe hankalinsu na kan wani nau'in ƙin dashe dabam, wanda fararen ƙwayoyin jini masu suna T ke yi da kansu. Sai a 2016 Ƙungiyar Dashen Zuciya da Huhu ta Duniya, ISHLT, ta fitar da ma'anar da aka amince da ita ta ƙin dashen da antibodi ke jawowa a huhu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafin rayuwa. Rabin waɗanda aka yi wa dashen huhu ne ke haura shekara shida zuwa bakwai, kuma kafin shekara biyar kusan rabinsu sabon huhun ya fara lalacewa a hankali. Ƙoda da hanta da zuciya duk sun fi haka. Su a rufe suke cikin jiki. Huhu kuwa ƙofarsa a buɗe take dare da rana: ƙura, mura, ƙwayoyin cuta, har ruwan ƙwannafi da ke tasowa daga ciki ya zirara cikinsa mutum na barci. Kowane ɗayansu tsokanar garkuwar jiki yake yi.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Izini ya fito. Na kira Umma bayan an sauko daga masallaci a can.

Ta ce, "Wai ke aikin me kike yi ne, kullum aka kira ki kin gaji?"

Na ce, "Umma, jinin mutane nake dubawa, in ga ko jikinsu ya yarda da huhun da aka sa musu."

Ta yi salati ta ce, "Huhun wani? Shi kuma jiki har yana da ta cewa?"

Na ce yana da ita kuwa, kuma mata sun fi maza shiga wannan matsala, saboda ɗan da ke ciki rabin tsagensa na uba ne, jikin uwa na iya ƙera antibodi a kansu. Ta ce to ita da ta haifi tara fa? Na ce da za a kawo jininta bencina da wataƙila duwatsu da dama sun yi haske. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe har jinina ya san halin babanku."

Dariyar da na yi sai da maƙwabciyata ta buga bango. Amma ta nan ilimin ya faro. A 1958 Jon van Rood a Holan da Rose Payne a Amurka suka gano irin waɗannan antibodi a jinin matan da suka haihu da yawa, a shekarar da Jean Dausset na Faransa ya bayyana nau'in HLA na farko, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1980. Hanya uku ce mutum ke haɗuwa da tsagen wani kafin dashe: ciki, ƙarin jini, da tsohon dashe. Na tuna da matanmu, na tuna da masu sikila da ake yi wa ƙarin jini tun suna yara. Duk ranar da irin wannan gwaji ya zama ruwan dare a asibitocinmu, za mu sha kallo.

Hirar ta sa na ƙara layi uku a jadawali: haihuwa, ɓari, ƙarin jini. Dalili shi ne antibodi na iya ɓacewa daga jinin mace shekara da shekaru, amma ƙwayoyin da suka haddace tsagen suna nan kwance. Da an sa mata huhu mai irin tsagen mijinta, cikin 'yan kwanaki sai su farka. A takarda zai zama kamar sabon antibodi ne, alhali tsohuwar gaba ce. In ban ware waɗannan dabam ba za su gurɓata mini lissafi.

Talata, 26 ga Nuwamba

Na yi asarar mako biyu, kuma laifina ne ni kaɗai.

Babban ma'aunin numfashi shi ne FEV1, wato yawan iskar da mutum ke iya fesowa a daƙiƙar farko in ya cika ƙirji ya hura da iya ƙarfinsa. Kafin a ce huhu ya ja baya sai an san ƙololuwar da ya taɓa kaiwa bayan dashe. Ni sai na riƙa ɗaukar lamba mafi girma guda ɗaya a fayil ɗin kowa. Ƙa'idar ISHLT ta 2019 kuwa cewa ta yi a ɗauki mafiya girma guda biyu, waɗanda aƙalla mako uku ya raba su, a fitar da matsakaicinsu. Bambancin kamar ba komai ba, amma duk wanda ya taɓa yin wata rana ɗaya da ya hura fiye da ƙima, jadawalina ya mayar da shi mai lalataccen huhu. Wani likitan huhu ne ya leƙo kafaɗata ya ga lambar wata majinyaciyarsa cikin jan layi, ya ce ai wannan jiya ta zo da ƙafarta tana ba shi labarin rawa.

Na sake daga farko. Ma'anar da nake bi yanzu: in FEV1 ya sauka da kashi 20 cikin ɗari ko fiye daga wancan matsakaici, ya zauna a haka fiye da wata uku, kuma babu wani dalili dabam, to shi ne CLAD, lalacewar sabon huhu mai ɗorewa. Fuska biyu gare shi manya. A BOS ƙananan hanyoyin iska ne ke toshewa da tabo, iska ta shiga ta ƙi fita. A RAS, wanda mutanen Toronto suka bayyana a 2011, huhun ne gaba ɗaya ke ƙanƙancewa ya yi tauri, iskar da yake iya ɗauka ta ragu da kashi 10 ko fiye, tabon ya fito a hoton ƙirji. RAS ya fi saurin kisa, kuma ya fi yawan tafiya tare da DSA.

Laraba, 11 ga Disamba

Yau na ba Anti haƙuri.

Akwai wani tsohon fayil da ya hana ni sakat. Mace ce, numfashinta ya yi ta sauka wata bayan wata har ta rasu, amma antibodin DQ ɗinta a takarda ɗan kaɗan ne, yana laɓe a bakin layi, shi ya sa a lokacin ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Na nuna wa Anti. Ta dubi ranar gwajin, ba ta ce uffan ba, ta ɗauko safar hannu mai kauri ta ce in biyo ta. Muka sauka ɗakin firizoji, inda ake ajiye ragowar ruwan jinin kowa a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Ta jawo akwatin kwali da ƙanƙara ta cinye lambarsa, ta goge da babban yatsa, ta zaro 'yar kwalbar.

Muka gwada shi kashi uku: yadda yake, da wanda aka ɗiga wa wani sinadari mai suna EDTA, da wanda aka sirka da ruwa. Na farko ya ba da ƙaramar lamba irin ta da. Sauran biyun suka haura 20,000. Na zauna ina kallon allon kamar an mare ni. Jinin da aka sirka ya fi wanda ba a sirka ba haske!

Ga abin da ke faruwa. In antibodi ya yi yawa ƙwarai a kan dutse, sai ya jawo wata rundunar furotin ta cikin jini da ake kira kwamfiliment, su taru su yi masa rumfa, sinadarin ƙyalli ya rasa inda zai kama. Na'ura ta ga duhu ta ce babu komai. EDTA yana ƙwace sinadarin kalsiyam da rundunar ke buƙata kafin ta taru, sai gaskiya ta fito. Wato antibodin da ya fi kowanne haɗari shi ne ya fi iya ɓuya. Yanzu duk jinin da ya shigo ɗakin nan sai an sa masa EDTA, amma wancan gwajin an yi shi ne kafin a fara.

Tunda bakinta ya buɗe, Anti ta lissafa mini sauran tarkunan. Antibodin da ke nufin wani ɗan yanki da HLA masu yawa suka yi tarayya a kansa, kamar Bw4, yakan rarrabu a kan duwatsu da dama, kowanne ya nuna ɗan haske kaɗan alhali jimillarsa babba ce. Wani lokaci kuma furotin ɗin da ke kan dutsen ne ya lanƙwashe tun a masana'anta, antibodi ya kama shi, alhali a jikin ainihin ƙwayar halitta ba zai kama komai ba. Ta ce ta faɗa mini tun Oktoba. Na ce wallahi ta faɗa.

Yanzu dole in ja layi a jadawali a ranar da aka fara sa EDTA, in sake gwada duk tsohon jinin da lambarsa ba ta dace da halin mai shi ba.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Na gama zagaye na farko. Duk inda na duba DQ nake gani, kuma ba a nan kaɗai ba ne. Binciken Toronto na 2016 ya bi mutum 340: kashi 47 cikin ɗari sun tsiro da sabon DSA, kashi 76 na waɗannan na DQ ne, kuma haɗarin CLAD ya ninka a kansu. Tun 2010 Ramsey Hachem da abokan aikinsa a Sant Luwis ta Amurka suka bi mutum 116, aka samu DSA a 65, kuma waɗanda nasu ya ɓace bayan magani sun fi waɗanda nasu ya zauna tsira. Tambayar shugabata ke nan, sai dai ita tana son ta ga amsar a majinyatanta.

Wani ciwon kan: DQ sanda biyu ce a haɗe, kuma antibodi na iya nufin kowacce. Masu bayarwa na shekarun baya sanda ɗaya kawai aka rubuta musu, DP kuwa wasu babu shi sam. Inda aka ajiye samfurin mamacin za a iya sake gwadawa.

Ina cikin duba jerin duwatsu na ci karo da nau'in HLA mai suna B53, na ji kamar na ga ɗan unguwarmu a tasha. Shi ne nau'in da ke da yawa a Afirka ta Yamma, wanda binciken da aka yi a Gambiya a 1991 ya danganta da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A fayilolin masu bayarwa na nan da ƙyar nake ganin sa.

Talata, 21 ga Janairu

Karo na farko da aka bar ni na zauna a taron mako na likitocin dashe. Har yanzu matattun takardu nake bi, yau sai ga mai rai.

Zan kira shi mai keke. Ya haura shekara da samun huhu biyu, kullum da safe sai ya yi zagaye a kekensa. Akwai 'yar na'urar hurawa da ake ba kowa ya tafi da ita gida, ya ga lambarsa na sauka kwana huɗu a jere, sannan wani tudu da ya saba hayewa ya sa shi sauka ya tura. Aka zura masa bututu mai kyamara, aka wanko huhun, aka gutsuro nama. Babu bakteriya, babu bairos na mura, babu bairos ɗin CMV a jini. Watannin baya an rage masa tacrolimus, maganin danne garkuwar jiki, saboda ƙodarsa ta fara kuka, to ga sakamakon: sabon antibodi mai ƙarfi a kan DQ7, wani nau'in DQ da mamacin ke da shi, shi ba ya da shi.

Ƙa'idar ISHLT ta 2016 abu biyar take nema kafin a ce antibodi ne ke ƙin huhun: numfashi ya sauka, an kore sauran dalilai, akwai DSA, naman ya nuna alamar rauni irin na antibodi, sannan C4d ya fito. C4d ɓurɓushin rundunar kwamfiliment ne da ke maƙalewa a bangon ƙananan jijiyoyin jini, kamar tokar da ke nuna an hura wuta a wuri. In biyar ɗin sun cika a ce tabbas ne, in ɗaya ya ɓace a ce mai yiwuwa ne ƙwarai, in biyu a ce wataƙila. Mai keke yana da huɗu. Jijiyoyin sun cika da fararen ƙwayoyin jini, amma C4d bai fito ba.

A nan aka ja daga. Wani matashin likita ya ce a jira a sake gutsurowa. Likitar da ke duba nama ta cire tabarau ta ce C4d a ƙoda amini ne, a huhu kuwa ba abin dogaro ba ne: zaruruwan huhu na shan rini su yi kamar akwai, sannan da yawan waɗanda antibodi ke ci da gaske ba ya fitowa a nasu. Babban likitan ya tuna musu rahoton Sant Luwis na 2013, inda cikin mutum 21 da suka kamu da irin wannan ƙin dashe, 15 suka rasu kafin a rufe binciken. Ya ce ba zai jira ba. Sai ya juyo ya tambayi ɓangarenmu ko an sa wa jinin EDTA, ko an sirka. Shugabata ta dube ni. Na ce an yi duka biyun, ni na yi.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na nemi izini na hau sama na ga yadda ake tace masa jini. Yana kishingiɗe da bargo, bututu biyu sun fito daga wuyansa zuwa inji. Injin na raba jini, ya mayar masa da ƙwayoyin tare da ruwan albumin, ruwan jinin nasa kuma ya tafi wata jaka da ke rataye, launinta kamar man gyaɗa. Na tsaya ina kallon jakar, abin da na yi wata huɗu ina bi a allo ga shi nan a ciki. Ya ce wa nas leɓɓansa na masa tsiri-tsiri, ta ƙara masa kalsiyam, ta ce maganin hana jini daskarewa ne ke jawo haka. Da aka gaya masa daga ɗakin gwaji nake, ya tambaye ni lambarsa nawa yau. Na ce likitansa zai faɗa masa.

Tsarin nasa: sitiroyid mai yawa ta jijiya, tacewa sau biyar ana tsallake rana, sai IVIG, wato antibodin dubban masu ba da jini da aka tara, sannan rituximab. Jerin yana da muhimmanci, in aka ba da maganin kafin tacewa inji zai kwashe shi ya zubar a jaka. Tacewa kuma shara ce kawai, ba ta taɓa masana'antar. Rituximab yana kashe fararen ƙwayoyin jini masu suna B, tushen antibodi, masu ɗauke da alamar CD20, amma waɗanda suka riga suka balaga suka koma ɓargo suna zubo antibodi sun yar da wannan alama. An kashe maciji ba a sare kai ba. Shi ya sa wasu cibiyoyi ke aro bortezomib ko carfilzomib ko daratumumab daga masu maganin sankarar ɓargo, wasu su toshe kwamfiliment da eculizumab. Kusan duk aro ne daga ƙoda da sankara, kuma kowace cibiya da nata haɗin. Farashinsa kuma ɗaya ne: mutumin da ƙofar huhunsa ke buɗe, an kwance masa masu gadi.

Ni abin da ya shafe ni: jinin da aka ɗiba jim kaɗan bayan IVIG na iya nuna antibodin wasu mutane. Na ƙara layi a jadawali na ranar IVIG ta ƙarshe kafin kowane gwaji.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

An sallami mai keke. Na sake gwada tsofaffin kwalabe kwana uku a jere, yatsuna sun tsage don sanyi. Ɗaya daga cikin farantan ya lalace, ramin da ya kamata ya zama fanko ya yi haske, sai na maimaita.

Talata, 4 ga Maris

Azumi na huɗu. Na koma shigowa da sassafe in gama aikin benci kafin kaina ya yi nauyi.

Jinin mai keke na bayan magani ya zo. A kallon farko lambar DQ7 kamar ba ta motsa ba, na ji gabana ya faɗi. Anti ta ce in sirka shi mataki-mataki, in yi wa na kafin magani haka, in ga inda kowanne zai mutu. Dutse yana da iyakar abin da zai ɗauka, in ya cika ya cika, ko antibodin ya ninka goma lambar ba za ta ƙaru ba, in ya ragu rabi ma ba za ta nuna ba. Da na sirka sai ga shi na bayan magani ya dushe tun matakai da dama kafin na farko. Ya ragu sosai, amma yana nan. Haka DQ yake, na aji na ɗaya sukan bi magani su tafi, shi sai ya noƙe.

Jadawalin kuma ya fito mini da abin da ban shirya masa ba. Shugabata akwati biyu ta ba ni, mai wucewa da mai zama. Ga na uku: wanda ke ɓacewa ya dawo. Mafi muni, kiran antibodi mai zama ya dogara ne da sau nawa aka duba. Wanda numfashinsa ke sauka ana ɗibar jininsa a kai a kai, dole a yi ta ganin antibodinsa. Wanda yake garau kuwa sai a shekara ba a duba ba, nasa na iya zama a can ba wanda ya sani. In na yi lissafi a haka, mai zama zai fito da muni fiye da gaskiyarsa, saboda rashin lafiyar ce ta jawo gwajin. Na kai mata wannan ina ɗari-ɗari, don kamar ina rushe mata tambaya ne. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce in ware gwajin da aka yi bisa jadawalin asibiti dabam, da wanda aka yi don mutum ya zo ba lafiya dabam, in sake lissafi da na farkon kaɗai.

Alhamis, 20 ga Maris

Rarrabewar ta ci mako biyu, don dole in buɗe bayanin likita na kowace rana in ga dalilin ɗibar jinin. Na kai kashi biyu cikin uku. Daga nan kuma wata shawara ta fito da za mu kai taron Afrilu: a tsayar da ranakun gwajin DSA ga kowa, mai lafiya da marar lafiya, a daina jiran sai numfashi ya sauka.

Mai keke ya zo asibiti shekaranjiya. Numfashinsa ya daina sauka, amma bai koma inda yake da ba, yana ɗan sama da layin kashi 80 cikin ɗari na ƙololuwarsa, wato iyakar CLAD. An mayar masa da tacrolimus yadda yake a da, ana lallaɓa ƙodar. Nas ta ce ya tambaya ko zai iya komawa kan keke, aka ce ya hau, ya dai bar tudun nan tukuna. Za a sake ɗibar jininsa bayan Sallah, na riga na rubuta a gefen benci cewa a sirka shi tare da na Janairu a faranti ɗaya.

Gobe akwai akwati biyu da Anti ta fitar daga firiza, da samfurin masu bayarwa shida da za a nemo wa sandar DQ ta biyu.